Kwana Bakwai Ana Auna Titi

Tun ranar da aka rufe babbar gada don gyara, duk wata mota mai taya a garin ta koma bin ɗan titin da ke gaban shagon Tela. A da titi ne da kaza za ta kwanta a tsakiyarsa ta yi birgima har ta gaji. Yanzu kuwa motocin haya, babura, tifofi da tankokin ruwa ne ke bin juna a guje tun safe, kowane direba da ganinsa ya makara zuwa wani wuri. Gyaran gadar an ce wata uku ne. An shiga wata na goma sha ɗaya.

Tela bai damu da ƙarar ba, keken ɗinkinsa ma ba shiru yake ba. Abin da ya dame shi Yaya ce. Ita ta goye shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, ita ta kai shi wurin koyon ɗinki, gidanta kuma yana tsallaken titi, ƙofarta na kallon ƙofar shagonsa. Shekara tara ke nan da rasuwar matarsa, kuma a cikin shekarun nan tara kullum idan rana ta take, Yaya za ta fito da kwano ɗaure a tsumma, ta tako a hankali saboda gwiwoyinta, ta zauna a kan bencin shagon su ci tare, tana kushe masa ɗinki yana kushe mata gishiri. Fitar da take yi ke nan a duniya. Da motoci suka zo, sai ta koma tsayawa a bakin ƙofarta da kwanon a hannu, ta dubi dama, ta dubi hagu, ta ɗaga ƙafa ta mayar, har abincin ya huce ta koma ciki.

Ya gwada riƙe hannunta su tsallaka, suka maƙale a tsakiya, mota ta gabansu mota ta bayansu, har wani mai tifa ya leƙo ya tambaye su ko nan ne gidansu. Ya gwada zuwa wurinta ya ci a can. Kwana biyu ta haƙura, a na uku ta ce masa ita ba majinyaciya ba ce da za a riƙa zuwa dubiya, idan ƙafarta ba ta kai ta shago ba to ya ci burodi. Tela ya ci burodi. Daga inda yake zaune yana ganin tana ramewa, tana rage daɗewa a ƙofar, wata rana ma ba ta fito ba. Abin ya tsaya masa a rai ƙwarai, don ya san halin 'yar'uwarsa: ranar da ta daina fitowa gaba ɗaya, ta kwanta ke nan.

Sai ya sa rigarsa ta fita kunya ya tafi ofishin kula da tituna, ya roƙi a yi musu tudun rage gudu da layin tsallaka titi. Jami'ar da ya tarar mace ce mai tabarau, mai hatimi uku a gabanta. Ta saurare shi da ladabi har ya kai ƙarshe, sannan ta tambaye shi mota nawa ke wucewa a awa ɗaya. Ya ce da yawa. Ta tambaye shi gudun nawa suke yi. Ya ce na hauka. Ta ce babu gurbin hauka a fom. Ofishin yana da na'urar awo guda ɗaya, tana wajen gyara, amma mazauna unguwa suna da damar su auna da kansu na kwana bakwai. Idan gudun ya haura kilomita hamsin a awa, motocin kuma suka haura ɗari uku, za a yi musu abin da suke so.

Mutum biyu Tela ya nema. Na farko tsohon malamin lissafi ne da ya yi ritaya, wanda unguwa ke kira Saura-Nawa, saboda shekara arba'in da ya yi yana jefa wa yara wannan tambayar. Na biyu Mai Aski ne, maƙwabcin shagonsa, wanda ba shi da wata ƙwarewa sai dai ba a yin abu a titin ba da shi ba. Saura-Nawa ya ce aikin mai sauƙi ne. A ja layi biyu a kan kwalta, tsakaninsu mita arba'in da biyar. Mai Aski ya tsaya a layin farko ya ɗaga tawul idan mota ta taka, shi kuma Saura-Nawa ya danna agogon wayarsa, ya sake dannawa idan ta taka na biyu. Motar da ta cinye tsakanin a daƙiƙa uku ta haura hamsin. Ƙirga kuwa aikin Tela ne, da maɓallai da gwangwani: fari na ƙaramar mota, baƙi na babur, manyan na kwat na tifa da tanki.

Da tef ɗin Tela aka auna titin, mai tsawon mita ɗaya da rabi, sau talatin yana durƙusawa yana miƙewa. Da ya kai ƙarshe sai ya ƙara inci biyu kafin ya ja alli. Saura-Nawa ya tambaye shi na mene ne, ya ce don kada ya matse. Sai da aka yi musu na rabin awa kafin Tela ya yarda a goge, yana ta mita cewa shi bai taɓa yanka abu cif-cif ba tun da ya kama almakashi.

Daga nan ne kuskuren ya shigo, kuma ta ƙofar kirki ya shigo. Saura-Nawa ya ce tsayuwa a bakin wannan titin ganganci ce, ya kamata su sa wani abu mai haske da direba zai hango. Kowa da zai ji haka, ƙyalle zai yafa. Amma Tela ba ya iya ɗinka abu haka kawai, hannunsa ba ya yarda. Ya samo yadi ruwan lemo, ya auna kafaɗun mutanensa, ya yi riguna uku. Ya ga ƙirjin ya yi fili, ya sa aljihu biyu masu murfi. Ya ga aljihun sun yi maraici, ya sa musu maɓallan ƙarfe. Ya ɗora igiya mai ƙyalli a kafaɗa, biyu ga Saura-Nawa saboda shekarunsa, ɗaya-ɗaya ga su biyun. Yadin ya yi saura, shi kuma ba ya zubar da saura, sai ya yi huluna masu baki. Da Mai Aski ya duba kansa a madubinsa, da kansa ya ƙame.

Ranar farko suka fito da tebur, da kujeru, da babban littafi. Motar farko ta taho a guje yadda aka saba, Mai Aski ya ɗaga tawul, direban ya hango hula da ƙyalli da littafi, ya taka birki har motar ta durƙusa. Ya lallaɓo ya tsaya daidai teburin, ya sauke gilashi, ya miƙo takardunsa da hannu biyu. Tela ya ce masa ya wuce, awo kawai suke yi. Direban ya tambaya awon me. Aka ce na gudu. Nan take ya rantse cewa shi tun da ya fara tuƙi bai taɓa yin gudu ba, yau ma matarsa ce ta ɓata masa rai. Ya ja motar a hankali yana gaishe su har ya ɓace. Saura-Nawa ya duba agogo ya rubuta daƙiƙa casa'in da huɗu.

Haka aka wuni. Masu babur suna sauka su tura da ƙafa. Wani mai ɗaukar kayan gwari ya ajiye kankana a ƙarƙashin teburin ya wuce, Tela ya bi shi da ita a guje, shi kuma da ya ga mai hula na binsa ya tsaya ya ƙara wata. Wani dattijo ya fito daga motarsa ya zauna a kujerar Mai Aski, ya ba da labarin duk laifin da ya yi a kan hanya cikin shekara ashirin, har da akuyar da ya buge bai tsaya ba, ya nemi a yafe masa. Mai Aski ya yafe masa. Kafin la'asar direbobi sun fara kunna wa juna fitila tun daga kwanar sama, motoci na shigowa titin a jere, a natse, kamar masu rakiyar gawa.

Da rana ta take, wani ya ajiye kwano a gefen gwangwanin maɓallai. Tela ya ce sannu, idonsa na kan hanya, hannunsa na jefa fari, fari, baƙi, fari. Ya ci da ɗaya hannun. Wata murya a gefensa ta ce ɗinkin aljihun hagun nan ya karkace, ya ce gishirin ma ya yi yawa, ya ci gaba da ƙirga. Kansa ya ɗau zafi, don tun daga nan ya fara ganin lissafin ba ya tafiya inda yake so. Mutum ne da idan ya sa abu a gaba ba ya ganin na gefe, haka yake tun yana yaro.

A rana ta uku Saura-Nawa ya haɗa alƙaluman, ya ce matsakaicin gudun titinsu kilomita tara ne a awa, yawan motocin kuma ya ragu da rabi, don da yawa sun koma zagayawa ta bayan kasuwa. Ya ce rigunan ne, a cire su. Aka cire. Direbobin da suka ga mutanen jiya a tebur ɗin jiya cikin kayan gida suka tabbatar abin ya girmama, an turo na farin kaya, gudun ya sauka zuwa bakwai. A rana ta huɗu suka bar teburin shi kaɗai suka ɓuya bayan labulen shagon aski, suna leƙe. Motoci suka riƙa tsayawa a gaban teburin da babu kowa, direbobi na ɗaga takardunsu sama suna juyawa dama da hagu, don a cewarsu akwai kyamara a cikin gwangwanin.

Shawarar rana ta biyar ta Mai Aski ce. Ya samo kwali ya rubuta da manyan baƙaƙe: DON ALLAH KU YI GUDUNKU YADDA KUKA SABA, AUNAWA MUKE YI. Ya riƙe shi a layin farko. Kowace mota sai ta tsaya ta karanta, wanda bai iya karatu ba ya jira na bayansa ya karanta masa. Duk wanda ya gama sai ya yi murmushi irin na wanda ya gane tarko, ya kaɗa wa Mai Aski yatsa. Har roƙon wani saurayi mai jar mota suka yi, wanda unguwar kaf ta tsane shi saboda gudunsa, ya koma baya ya taho da ƙarfi ko sau ɗaya. Yaron ya dafa ƙirji ya ce shi ya tuba, kada su mayar da shi ruwa. Tela ya ji kamar ya shaƙe shi.

Da yammacin rana ta bakwai, suna zaune a shago da littafin a gabansu, Tela ya ce wa Saura-Nawa tun da kowa ya san gaskiyar titin nan, me zai hana a rage daƙiƙun kaɗan. Inda aka rubuta ashirin da uku a goge biyun, ukun ta tsaya. Ba ƙarya ba ce, gyara ne, shi kullum yana rage wa mutane wando ba wanda ya kira shi maƙaryaci.

Saura-Nawa ya rufe littafin ya ɗora hannu a kai. Ya ce, “Ɗan cikina na kayar a jarrabawa saboda maki ɗaya. Uwarsa wata biyu ba ta yi mini magana ba. Abin da agogo ya faɗa shi za mu kai.”

Tela ya ce, “Yayata ce ke ramewa, Malam, ba agogo ba.”

Tsohon ya ce ya sani, amma hannunsa ba zai iya ba. Tela ya haƙura, don shi ma ya san yadda hannu ke ƙin abu.

Jami'a mai tabarau ta karɓi fom ɗin, ta karanta, ta cire tabarau ta goge ta sake karantawa. Ta kira abokan aikinta suka taru a kansa. Ta ce a tarihin ofishin ba su taɓa ganin titi mai natsuwa irin wannan ba, ko harabar asibiti ba ta kai shi ba. Ta buga hatimanta uku ɗaya bayan ɗaya, ta cire titin daga jerin masu neman tudu har tsawon shekara biyar. Tela ya yi ƙoƙarin yi mata bayanin riguna da huluna, ta ce tawali'unsa ya burge ta. Kafin ya fita aka miƙa masa takardar yabo mai zanen ganye a gefe, aka ɗauke shi hoto yana riƙe da ita, fuskarsa a murtuke.

Ya dawo ransa a ɓace. Ya ja teburin ya mayar ciki, ya kwaso ruwa ya wanke layukan allin, ya juye maɓallan a akwatinsu, ya dunƙule rigunan ya cusa a buhun ƙyallaye. Kwana bakwai bai ɗinka ko wuyan riga ba, masu kaya sun fara zarya. Ya ce wa Mai Aski idan ya ƙara jin kalmar awo a bakinsa zumuncinsu ya ƙare. Labari kuwa bai kwana ba, washegari da safe motoci sun dawo da gudunsu har da na ramuwa, saurayi mai jar mota ya wuce sau uku kafin hantsi.

Tsakar rana Tela yana kan keke, cikinsa ya yi ƙara, ya miƙa hannu gefe inda kwano yake zama. Babu komai. Ya ɗaga kai. Yaya tana tsaye a ƙofarta da kwanon ɗaure a tsumma, ta yi kwalliyar fita, tana duban dama tana duban hagu. A nan ne ƙafarsa ta tsaya a kan keken. Kwana bakwai yana cin abinci mai zafi. Kwana bakwai ana kushe masa ɗinki a kunne yana mayar da martani. Ranar da suka ɓuya bayan labule ma har can aka kai masa. Ya ƙirga babura, ya ƙirga tankoki, ya bi mai kankana da gudu, amma ko sau ɗaya bai tambayi kansa ta ina kwanon yake zuwa ba. Kunya ta rufe shi, irin wadda bai ji ba tun yana yaro.

Ya zazzage buhun ƙyallaye a ƙasa. Rigar ta yamutse, bai tsaya guga ba. Ya sa hular, ya jawo teburin shi kaɗai yana ƙara a kan siminti, ya dasa shi a bakin titi, ya buɗe babban littafin ya zauna. Mai Aski ya leƙo da reza a hannu, ya buɗe baki, ya tuna gargaɗin jiya, ya rufe. Wata tifa da ta taho a guje ta yi ƙugi ta lafa. Na bayanta suka lafa. Can sama wani ya kunna fitila.

Yaya ta sauko daga dakalinta. Ta tako a hankali, gwiwa ɗaya na jiran ɗaya, tsakanin tifa da motar haya, ba ta ko dubi direbobin ba. Ta iso ta ajiye kwanon, ta ja kujerar Saura-Nawa ta zauna tana haki kaɗan.

Tela ya ce, “Yaya, me ya sa ba ki gaya mini ba?”

Ta ce, “In gaya maka me? Kana ta aikin hukuma.” Ta kwance tsumman. “An ba ku tudun?”

Ya ce ba a ba su ba, kuma ba za a ba su ba sai bayan shekara biyar. Ta yi lissafi a ranta, ya ga tana yi, ya kuma san abin da take lissafawa, don ta haura shekara saba'in da biyar. Ba ta faɗi amsar ba. Ta tura masa cokali ta tambaye shi gobe ma zai fito. Ya ce zai fito, da jibi, da gata, duk ranar da ta dafa.

Ta ce, “To rubuta wani abu mana. Suna kallonka.”

Gaskiya ne, direban tifar ya zuba masa ido, takardunsa a hannu. Tela ya ɗauki biro ya duba shafin. Saura-Nawa ya ja gurbin ƙananan motoci, da na babura, da na manya, babu na mai tafiya a ƙasa. Ya ja sabon layi a gefen takardar, ya rubuta Yaya a samansa, ya sa ɗaya a ƙasa. Sannan ya ɗaga wa mai tifar hannu ya wuce, suka fara cin abinci tun da zafinsa.